Rabon Kwana Tsakanin Santorini da Mikonos

Duk wanda ya ƙuduri niyyar zuwa tsibiran ƙasar Girka, sunaye biyu ne za su fara faɗo masa a kunne: Santorini da Mikonos. Su ne a jikin kalanda, su ne a hotunan ango da amarya, su ne kuma kamfanonin tafiye-tafiye ke haɗawa a takarda ɗaya su sayar. Dukansu suna cikin rukunin tsibiran Kikladis a Tekun Ejiyan, kuma ba wani girma ne da su ba. Faɗin Santorini kimanin murabba'in kilomita 76 ne, na Mikonos kuma 85 da ɗoriya. A ƙidayar 2021 mazauna Santorini sun ɗan haura 15,000, na Mikonos sun ɗan haura 10,000. Amma baƙin da ke sauka musu kowace shekara da miliyoyi ake lissafa su.

Hutun ma'aikaci gajere ne, kuɗinsa ƙirgaggu ne, biza ma tana da ranar ƙarewa. Don haka tambayar da ke gaban kowa ita ce: kwana nawa zan ba wannan, nawa zan ba waccan? Ni da mai ɗakina mun je tsibiran biyu a tsakiyar lokacin zafi, kuma tun da muka dawo nake juya wannan tambaya a raina, domin na ga yadda amsarta ke gyara tafiya ko ta rage mata armashi.

1. Tsibirai ba kishiyoyi ba ne, ba su da haƙƙin rabon kwana daidai.

Mu da muka tashi a gidajen da ake rabon kwana, mun sha a nono cewa adalci shi ne biyu nan, biyu can. Da wannan tunanin na zauna gaban kalanda na tsaga kwanakinmu gida biyu. A takarda ya yi kyau ƙwarai. Da muka isa sai muka tarar kwanakin Mikonos sun yi mana yawa, na Santorini kuwa sun ƙare tun ba mu ƙoshi ba. Har yau ina jin zafin barin Santorini ban hau dutsen Mesa Vuno na ga kufan tsohon birnin Tera ba, alhali a Mikonos mun yi yini guda muna maimaita lungunan da muka riga muka haddace.

Dalilin shi ne, abin da kowace ke bayarwa daban ne. Santorini wurin kallo ne da tafiyar ƙafa da tarihi: bakin dutse, ƙauyuka a warwatse, gonaki, tsohon birni a ƙarƙashin toka. Kowanne cikin waɗannan yana cin rabin yini ko fiye. Mikonos kuwa sunanta ya ginu ne a kan rairayin bakin teku da rayuwar dare. Wanda ya zo don iyo da kiɗa har asuba zai iya yin mako a can bai gaji ba, kuma shi Santorini ce za ta gundure shi. Wanda ba wannan ya kawo shi ba, kwana kaɗan sun ishe shi. Saboda haka kafin a taɓa kalanda, mutum ya fara gaya wa kansa gaskiya a kan abin da zai iya yi da safiyarsa da darensa.

Mu 'yan Najeriya muna da wani ƙarin dalili na yin wannan tunani da wuri. Takardun neman bizar Shengen, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun watan Yunin 2024, suna buƙatar jadawalin tafiya da shaidar masauki. Ke nan rabon kwanan tun a gida ake yin sa, watanni kafin a ga teku. Abin da zai cece ka shi ne kama ɗakin da za a iya sokewa ko sauya ranarsa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada.

2. Ranar ƙaura ta teku ce, kada ka sa ta cikin lissafinka.

A taswira tsibiran biyu maƙwabta ne, tazararsu ba ta wuce kilomita 120 ba ko kusa da haka. Jirgin ruwa mai gudu yana yin tafiyar cikin awa biyu zuwa uku, gwargwadon yadda ya tsaya a Naksos ko Faros ko Iyos. Mutum ya ga awa biyu sai ya ce ai safiya ce kawai za ta tafi. Ba haka ba ne. Za ka haɗa kaya, ka bar ɗaki kafin lokacin da otal ya yanka, ka nemi mota zuwa tasha, a Mikonos kuwa tasi ba su da yawa. Za ka tsaya cikin rana da ɗaruruwan mutane a sabuwar tashar Turlos, jirgi ya makara, ya iso, a buɗe bayansa a ce kowa ya ruga da akwatinsa domin mintuna kaɗan zai tsaya. A ɗaya ɓangaren kuma tashar Atiniyos ta Santorini tana gindin dutse, hanya ɗaya ce tak ke hawa sama tana lanƙwasa, motocin bas da na haya duk a kanta. Kafin ka ajiye jaka a sabon ɗaki la'asar ta yi sanyi.

Sannan ga iska. Girkawa suna kiranta meltemi, busasshiyar iska ce da ke kaɗowa daga arewa a watannin zafi, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma tana iya yin kwanaki ba ta lafa ba. Ita ce ta sa ake wa Mikonos laƙabi da tsibirin iska. Tana rage zafi, amma tana tayar da teku. Idan ta yi tsanani hukumar tashar jiragen ruwa takan hana tashi, ƙananan jirage masu gudu kuma su ne suka fi shan wahala. Ranar da muka ƙetara ba a hana tashi ba, amma jirgin ya riƙa hawa igiyar ruwa yana faɗowa, ma'aikata na zagayawa da ledar amai. Mai ɗakina ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, ka yi mini alkawari ba za mu koma ta wannan hanyar ba." Na yi mata, kuma na cika.

Abin da na ɗauka daga nan abu uku ne. A lissafa dare, a daina lissafa yini, domin dare uku yini biyu ne cikakku. Idan akwai babban jirgi mai ɗaukar motoci a hanyar, a zaɓe shi ko da ya fi jinkiri, don ya fi zama daram a kan ruwa. Mai saurin jin jiri kuma ya sha magani tun kafin a tashi, ya zauna a tsakiyar jirgi.

3. Santorini da ƙafa ake fahimtarta.

Santorini ragowar dutse ne mai aman wuta. Wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya yi wata fashewa da ke cikin mafi girma da ɗan Adam ya taɓa gani, tsakiyarsa ta rufta, teku ya cika ramin. Abin da ya rage shi ne gefen ramin, mai siffar jinjirin wata, da bangon dutse da ya miƙe kusan mita 300 daga ruwa. A kan bakin wannan bango aka jera fararen gidajen Fira da Firostefani da Imerobigli da Oia. Baƙaƙen tsibiran nan biyu da ke tsakiyar ruwa, Paleya Kameni da Neya Kameni, daga baya suka ɓullo, kuma Neya Kameni ta yi amanta na ƙarshe a 1950. Har yanzu ana kai mutane da kwale-kwale su hau ta, su ji ɗumin ƙasa da warin farar wuta.

Duk wannan na karanta kafin in je, amma ban gane shi ba sai da muka bi hanyar ƙafa daga Fira zuwa Oia. Kimanin kilomita 10 ce, tana cin awa uku zuwa huɗu. Mun fita bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Farkon hanyar ta cikin unguwanni take ratsawa, ta bayan otal-otal da ƙananan majami'u masu shuɗiyar ƙubba. Bayan Imerobigli sai gidaje su ja baya, ya rage daga kai sai tsakuwa baƙa da ja, da teku a hagunka can ƙasa. A jikin bangon za ka ga layi-layi, baƙi da ja da fari, kowane layi shaidar wani aman wuta ne da ya wuce. Farin da ke can sama shi ne tokar babbar fashewar. A ƙarni na 19 an haƙi wannan farar ƙasa an yi lodinta zuwa Masar don aikin mashigin Suwes, saboda tana yin siminti mai jure ruwa. A wannan hanya na daina ganin Santorini a matsayin wurin ɗaukar hoto. Ƙasa ce da ta taɓa haɗiye kanta, mutane kuma suka dawo suka sake gini a bakin ramin. Girgizar ƙasar 9 ga Yulin 1956 ta rusa gidaje da yawa a Oia da Fira, ta kashe mutane 53. A farkon 2025 ma ƙasa ta yi makonni tana rawa, aka rufe makarantu, dubban mutane suka bar tsibirin na ɗan lokaci.

Mun shiga Oia da hantsi, lungunanta ba kowa sai masu shara da masu sauke burodi. Wannan garin ne da yamma ba ka samun wurin aje ƙafa, domin kowa ya zo kallon faɗuwar rana daga kufan ganuwarsa. Mun gwada sau ɗaya. Ranar ta faɗi da kyau, jama'a suka tafa, amma abin da na fi tunawa shi ne ƙeyar mutane da wayoyi a sama. Washegari muka kalli rana ɗaya ɗin daga Imerobigli, a kan wani dakali, mu da wasu tsofaffi biyu. Wanda ya ba Santorini dare ɗaya ko biyu, dole taron Oia zai bi, don ba shi da wata yammar da zai gwada wani wuri.

A ƙasan Fira akwai tsohuwar tasha, inda matakala kusan 600 ke hawowa gari. Akwai akwatin da ke tafiya a kan waya yana hawa da mutane, akwai kuma jakuna da alfadarai. A 2018 gwamnati ta hana a ɗora musu abin da ya wuce kilo 100. Na ga dabbobin nan tsaye cikin rana tsaka, kuma ina roƙon duk mai lafiyar ƙafa ya taka da kansa ko ya hau akwatin.

4. Ka ware wa matattu safiya guda.

A kudancin Santorini akwai Akrotiri. Gari ne na zamanin tagulla wanda tokar babbar fashewar ta binne, ta kuma adana shi. Wani masanin haƙar kayan tarihi, Spiridon Marinatos, ya fara tono shi a 1967, a wurin kuma ya rasu a 1974. Yanzu an yi wa kufan rufi, ana zagaya shi ta kan gadar katako cikin inuwa.

Abin da ke ciki ya girgiza ni. Gidaje ne masu hawa biyu da uku, da tituna, da dandali, da magudanar ruwa a ƙarƙashin titi. A wani gida har da bayan gida a bene, an haɗa shi da bututun laka zuwa magudana. Ga manyan tuluna a jere inda masu su suka bar su. Katako ya ruɓe tuntuni, amma ya bar gurbinsa a cikin toka, masu bincike suka zuba farar ƙasa a gurbin, sai ga siffar gado da ta teburi sun fito. Bangon ɗakuna kuma zane ne: mai kamun kifi riƙe da kamunsa, yara biyu suna dambe, mata suna tsinkar fure, shuɗɗan birai suna hawan dutse, jerin jiragen ruwa. Wasu zanen suna gidan tarihi na Fira, wasu suna babban gidan tarihi na Atina.

Ba a sami gawarwaki a garin ba, ba a kuma sami zinariya ba sai wani ɗan gunkin akuyar dutse da aka gano a 1999. Masana suna ganin girgizar ƙasa ce ta yi wa mutanen gargaɗi, suka kwashe abin da ke da daraja suka fita. Na daɗe tsaye ina kallon wata matakalar dutse da girgizar ta tsaga gida biyu. Wani ya taka ta kullum yana hawa wurin iyalinsa, shekara 3,600 da suka wuce, yana ganin gobe ma haka za ta kasance.

Wannan ziyara da ta gidan tarihin Fira sun cinye mana yini, kuma shi ne yinin da ba zan musanya da komai ba. Daga nan Jan Rairayi kusa yake, baƙin rairayin Perisa da Kamari ma ba nisa, sai dai a sani cewa baƙin yashi yana ƙona tafin ƙafa da rana. Kusan duk motocin bas na tsibirin daga Fira suke tashi, can kuma suke komawa, don haka wanda ba shi da motar haya ya kama ɗaki a Fira ko kusa da ita. Ya fi sauƙin kuɗi a kan Oia, ya kuma fi sauƙin zirga-zirga.

5. Kyautar Mikonos mafi girma tana ƙetaren ruwa.

Ba na so in zalunci Mikonos. Babban garinta, Hora, yana da kyau na gaske. Lunguna ne ƙanana masu daɓen dutse da aka zagaye kowane dutse da farin fenti, suna murɗewa har mutum ya ɓace, ana cewa da gangan aka yi su haka don karya iska da rikita 'yan fashin teku. A kan tudu ga injinan niƙa masu aiki da iska, waɗanda aka fara ginawa tun ƙarni na 16 zamanin mulkin mutanen Benis, lokacin da jiragen ruwa ke kawo alkama a niƙa a nan. Ga unguwar Alefkandra da gidajenta ke tsaye a bakin ruwa igiya na dukan ginshiƙansu. Ga majami'ar Paraportiyani, wadda a zahiri majami'u biyar ne a haɗe, huɗu a ƙasa ɗaya a sama. Ga dandalin Manto Mabrogenus, matar da ta ƙarar da dukiyarta wajen yaƙin neman 'yancin Girka da aka fara a 1821. Amma duk wannan, safiya ɗaya da yamma ɗaya sun isa a gan shi a natse. Da sassafe ya fi daɗi, lokacin da masu raye dare suke barci, masunta kuma suna sayar da kifi a bakin tsohuwar tasha.

Sauran abin da Mikonos ke sayarwa, gara in faɗa wa mai karatu a fili. A rairayi irin su Paradise da Super Paradise da Psaru, kiɗa ne mai ƙarfi tun la'asar, da giya, da shigar da ba ta rufe komai ba, gadon kwanciya a bakin ruwa kuma kuɗinsa na iya biyan ɗakin otal a wani tsibirin. Mai tafiya da iyali, ko wanda zuciyarsa ba za ta natsu da haka ba, ya nufi arewa, wajen Ayos Sostis ko Fokos inda babu kiɗa babu gadaje, ko ya shiga ƙauyen Ano Mera ya ga gidan ibadar Turliyani da aka kafa a 1542 ya ci abinci a dandalinsa.

Abin da ya sa ba zan ce a tsallake Mikonos ba shi ne Delos. Tsibiri ne ƙarami, tafiyar kamar rabin awa a kwale-kwale daga tsohuwar tasha. Tsoffin Girkawa sun ɗauka a nan aka haifi abin bautarsu Apolo da 'yar'uwarsa Artemis, don haka suka tsarkake wurin. A nan aka ajiye baitulmalin ƙawancen biranen Girka da aka ƙulla a shekara ta 478 kafin haihuwar Annabi Isa, kafin mutanen Atina su ɗauke shi zuwa garinsu a 454. A 426 aka tone dukkan kaburburan tsibirin aka mayar da su Reniya da ke maƙwabtaka, aka kuma kafa dokar cewa ba a haihuwa ba a mutuwa a Delos. Mai naƙuda da mai jinyar ajali, ƙetarar da su ake yi. Da Rumawa suka mayar da shi tashar da ba a biyan haraji wajen shekara ta 166 kafin haihuwar Annabi Isa, sai fatake suka cika shi daga Masar da Sham da Italiya, kowa da wurin bautarsa. Har yau ga ɗakin bautar Isis ta Masarawa, ga kufan wurin ibadar Yahudawa da ke cikin mafi daɗewa a wajen Falasɗinu. Kasuwar bayi ce kuma mai girma, har marubucin nan Strabo ya ce tana iya karɓar bayi dubu goma ta sallame su a yini ɗaya. Na tsaya a kan daɓen gidajen attajiran, mai zanen kifaye da damisa da ƙananan duwatsu, ina tunanin da gumin wa aka biya wannan ado. A shekara ta 88 kafin haihuwar Annabi Isa rundunar sarki Mitridates ta afka wa garin, 'yan fashin teku suka ƙarasa shi a 69, bai sake tashi ba.

Masanan Faransa suna haƙa a wurin tun 1873, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1990. Zakunan marmara da mutanen Naksos suka kafa, na asalin suna cikin gidan tarihin tsibirin, waɗanda ke waje kwafi ne. Baƙo ba ya kwana a Delos, babu inuwa, don haka a tafi da jirgin farko, da hula da ruwa. Iska kuma tana iya hana kwale-kwalen tashi. Saboda wannan kaɗai nake cewa kada a ba Mikonos dare ɗaya tak. A ba ta biyu, a sa Delos a safiyar farko, idan iska ta hana akwai ta biyu.

6. Tambaya ba ta rage mutunci a gaban tukunya.

Naman da aka fi gasawa a tsire da shawarmar Girkawa na alade ne. Idan ba a rubuta kaza ko rago ba, a ɗauka shi ne. A Mikonos akwai wani busasshen nama da suke alfahari da shi, luza, shi ma na alade ne. Wasu miyoyin kuma da giya ake dafa su. Mun riƙa tambaya kafin mu zauna, kuma ban ga wanda ya ɓata rai ba. Wani dattijo mai gidan abinci a ƙauyen Pirgos na Santorini ya shiga kicin da kansa ya tabbatar an soya mana namu a wani kasko daban.

Yunwa kuwa ba mu ji ba, musamman a Santorini. Ruwan sama ba shi da yawa a can, ƙasar toka ce, amma tana fitar da abin mamaki. Akwai faba, wani wake rawaya da ake dafawa ya narke a zuba masa man zaitun da albasa. Akwai ƙananan tumatir masu zaƙi da ake kwaɓawa da gari da na'ana'a a soya. Akwai farin gauta mara ɗaci, da kifi, da cuku. Kurangar inabinsu ma abin kallo ce ga duk wanda ya san noma: ba a ɗaga ta a kan itace, naɗe ta ake yi a ƙasa ta zama kwando, 'ya'yan su girma a ciki inda iska ba za ta kakkaɓe su ba, ganyen kuma ya sha raɓar dare. Ruwan famfo yawancinsa na teku ne da aka tace, don haka na gora ake sha, kuma ya kamata baƙo ya yi tattalinsa wajen wanka.

Ban ga masallaci a ko ɗaya cikin tsibiran ba. A ɗaki muka riƙa sallah, alƙibla tana kudu maso gabas. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi, lisha tana yin nisa cikin dare, asuba kuma tana zuwa da wuri. Rabon kwana ma ya shafi sallar matafiyi: a mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda kasaru ta yanke masa. Ke nan za ka iya yin kasaru a wannan tsibiri ka cika a wancan, kuma yana da kyau a san haka tun kafin a tashi.

7. Wata ya fi kwana muhimmanci, daren ƙarshe kuma na Atina ne.

Kwana uku a ƙarshen Mayu ko a Satumba sun fi biyar a Agusta albarka. A Agusta iska ta fi ƙarfi, kuɗin ɗaki ya kai ƙololuwa, Girkawa su ma suna hutu, ranar 15 ga wata kuma babban bikin addininsu ne da ke cika jirage, musamman masu bi ta Tinos, maƙwabciyar Mikonos. Sannan akwai manyan jiragen yawon shaƙatawa da ke sauke dubban mutane da safe su kwashe su da yamma. Cunkoson ya kai ga an ƙayyade fasinjojinsu a Santorini zuwa 8,000 a rana, daga 2025 kuma aka sa wa kowane fasinja harajin yuro 20 a tsibiran biyu a watannin zafi. Ana wallafa jadawalin zuwan jiragen a intanet. Ranar da suka yi yawa, a bar musu Fira da Oia a tafi Akrotiri ko Pirgos.

Jirgin komawa gida daga Atina yake tashi, kuma bai san da meltemi ba. Daga Santorini zuwa tashar Pireyus ta Atina babban jirgin ruwa yana cin kusan awa takwas, jirgin sama bai kai awa ɗaya ba, amma kowannensu yana iya makara. Mun ga wasu ma'aurata a tasha, matar tana kuka, jirgin ruwansu ya yi jinkiri, jirgin samansu na ƙasar waje kuma da yammar ranar zai tashi. Kada a haɗa biyun a rana ɗaya. A kwana a Atina, a ga Akropolis da zanen Akrotiri da ke gidan tarihinta, idan Juma'a ce kuma akwai masallacin unguwar Botanikos da gwamnati ta gina aka buɗe a Nuwamban 2020.

Wanda ke da mako guda, kuma halinsa ya yi kama da namu, ga yadda zan raba masa: dare biyu a Mikonos, huɗu a Santorini, ɗaya a Atina. Ya fara da Mikonos, don daga Atina ta fi kusa, musamman ta tashar Rafina da ke dab da filin jirgin sama, ya dawo daga Santorini ta sama. Wanda kwanakinsa ba su wuce huɗu ba, ya zaɓi tsibiri ɗaya ya zauna.